Gyambon Mannir da Rubutun Baba

Ƙofar Durɓi, Katsina
7 ga Yuni, 1999

Zuwa ga Yaya Aliyu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin asibiti. Yaya, gyambon ƙanenmu Mannir ya ƙi warkewa. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, idon sawun ya yi baƙi yana ruwa, daidai inda na Baba ya fito. Tun ranar da aka rantsar da gwamnatin farar hula bai leƙa ƙofar gida ba. Kullum yana naɗe bisa buzu, takarda a gwiwa, yana ƙarasa rubutun Alƙur'anin da Baba ya rasu ya bari. Jiya na shiga zauren, warin nan ya buge ni, wallahi sai da na ce "Sannu Baba" kafin na tuna. Tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Zuwaira

Jos
19 ga Yuni

Zuwaira,

Ina gaishe ku duka. Ba sammu ba ne. Jini ne ke sauka ƙafar ya kasa komawa sama, zaman naɗe ƙafa kuma yana ƙara tare shi. Ku bar barbaɗa masa garin magani. A wanke da dafaffen ruwan gishiri, likita ya duba ya ɗaure da bandeji, sannan ya riƙa kwanciya ƙafar bisa matasai, ta fi ƙirjinsa tudu. Abin da na gaya wa Baba ke nan, ya kore ni daga zauren.

Allah ya ba shi lafiya.
Aliyu

Ƙofar Durɓi
4 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Wanki da bandeji ya yarda. Da na kawo matasai kuwa sai ya harare ni: "Ke Zuwaira, ƙahwata ta hi Littahin Allah bisa? Gara a yanke ta!" Na ce to ya ajiye rubutun. Ya ce saura izu shida, kuma in ya rufe ido Baba yake gani yana miƙo masa alƙalami. Izu shida wata uku ne, likita kuwa ya ce in aka ƙara wata guda a haka, sai yanka. Don Allah ka rubuto masa da kanka.

Zuwaira

Ƙofar Durɓi
2 ga Agusta

Yaya Aliyu,

Assalamu alaikum. Na ga takardarka. Na sa rubutun a gafaka na rataye can kusa da rufi, ni kuma ina ƙasa, ƙafa bisa matasai. Kumburin ya fara sacewa. Amma duk wanda ya kwanta rigingine sama yake kallo, ni kuwa ka san abin da ke samana.

Zan jure. In ta Allah ta kasance ban ƙarasa ba, kada ku nuna wa kowa cikin 'ya'yanmu inda na tsaya.

Wassalam,
Mannir