Shinkafa a Tsakar Gidanmu

Lahadi da dare, Yuni 2001

Barci ya ƙi zuwa. Baban Ladi yana aikin dare a masaƙa, ni kaɗai ce da yarinyar a gidan nan da har yanzu yake warin fenti.

Tun da sojoji suka sauka daga mulki gidaje ke ta tsirowa a bayan Narayi. Da rani muka sayi namu, ƙasa a bushe, ina ta murna na rabu da ɗakin haya na Makera.

Yau bayan coci ina cire ciyawa a tsakar gida, sai ga tsohuwar nan 'yar Gbagyi mai kawo mana itace. Ta sauke kaya daga kafaɗa, ta tsinki ganye ɗaya ta duba.

"Ɗiyata, wannan ba ciyawa ba ce. Shinkafa ce."

Na yi dariya, na ce wa ya shuka?

"Ragowar tamu ce. Nan fadamarmu ce. In damina ta yi tsakiya, ruwa har nan yake kawo mini." Ta dafa ƙugunta.

"Mama, ai sun cike wurin da jar ƙasa."

"To," in ji ta.

Ashe shi ya sa maƙwabta suka ɗaga dokin ƙofarsu da bulo. Ranar da fasto ya zo addu'ar gida sun ci, sun sha, ba wanda ya yi mana zancen ruwa.

Kwaɗi sun cika unguwa da kuka, hadari na haɗowa ta gabas. Ɗazu na gwada tsayin ƙugun tsohuwar a jikin bango. Kan Ladi bai kai wurin ba.