Akwatinka na Ɗakin Masara

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Baba, wata magana ce ta tsaya min a rai.

Shekara talatin ka yi kana koyar da tarihin Turai a jami'a, mutanen Kudan na yi maka tsiya wai ka bar na kakanninka kana bin diddigin faɗan Faransa da Jamus. Kai kuwa sai ka ce wanda ya ci ka da yaƙi, gara ka san gidansu.

Bayan sadakar arba'in, Baffa ya raba kayanka biyu. Littattafan Larabci ya naɗe su a ƙyalle ya ɗora sama. Na boko kuwa, har da littafin da ka shekara goma kana rubutawa da hannu kan manoman Turai bayan yaƙin duniya, aka zuba a akwati aka kai ɗakin masara. A wurin Baffa, takardar boko ta naɗe ƙosai ce.

Ka tuna Dakta Sabo, tsohon ɗalibinka? Wata takwas kana kwance, ko waya bai yi ba. Yanzu ya zo ta'aziyya sau uku, yana share hawaye yana satar kallon ƙofar ɗakin masara. Wai zai buga littafin don kada gara ta ci. Baffa ya sa masa albarka, ya ce ya dawo Juma'a ya ɗauka.

Ban yarda da shi ba, Baba. Ruwa ba ya tsami banza. Kuma kai ka koya min: duk takardar da na gani, in tambayi wa ya rubuta, don wa, me zai samu. Na yi wa hawayensa tambayoyin nan, amsar ba ta kwanta min ba. Tsorona kada littafinka ya fito da sunan wani.

Ba zan iya musu da Baffa ba. Sai na ɗauko jan biron da kake duba jarrabawa da shi, na rubuta cikakken sunanka a tsakiyar kowane shafi na littafinka. Ina yi ina cin karo da gyare-gyarenka a gefe, kewarka ta hana ni sauri.

In na zalunce shi da zato, Allah ya yafe min. In mutumin kirki ne, sunanka ba zai tsone masa ido ba. Juma'a a gabansa zan buɗe akwatin, fuskarsa zan kalla.

Allah ya haskaka kabarinka, ya tsare maka guminka.

'Yarka mai kewarka,
Hajara