Asabar ɗin Alhaji Sanda

Zuwa ga: Alhaji Laouali, Shugaban Kwamitin Sulhu na Al'ummar Hausawa, Greensboro
Daga: Garzali Ma'aruf, Pleasant Garden
Kwanan wata: 14 ga Afrilu, 2025
Game da: Ƙin sakin ranar tashi da Alhaji Sanda ya yi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Kafin 2021 hayar ƙaramin jirgin sama nake yi, in biya awannin da na tashi, in koma gida hankalina kwance. Alhaji Sanda ne ya laƙaba mini suna ɗan haya, har a taron sunan 'yata, jama'a na dariya, wai mallaka ta fi arha. Ya ja ni da Malam Moro muka haɗa kuɗi muka sayi tsohon jirgi, muka raba ranaku kamar kwasar adashi. Da yake shi ne babba, ya zaɓi Asabar, ranar hutuna tilo. Na bar masa don girman furfura.

2. Arhar dai ba mu gan ta ba. Inshora, kuɗin rumfar ajiye jirgi, binciken shekara: ko jirgin ya tashi ko bai tashi ba, ci yake yi.

3. A watan Janairu likita ya hana Alhaji tuƙi saboda idanunsa. Allah ya ba shi lafiya. Amma ya ƙi sakin Asabar. Hajiyarsa takan sauke shi a filin jirgin da ke bayan McLeansville, ya wanke jirgin tas, ya shiga ya ɗaura bel, ya riƙe sitiyari bai kunna ba, har la'asar. Ranar 5 ga Afrilu na tarar da shi ciki yana kuka. Ranka ya daɗe, ban sayi jirgi don a yi kuka a ciki ba.

4. Malam Moro yana ganin a ƙyale shi, wai abin da ya rage masa ke nan. Wannan ba hujja ba ce.

Saboda haka ina roƙon kwamiti ya karɓi makullin jirgin daga hannunsa, ya ba ni Asabar. Kason Alhaji na ɗawainiya kuwa ya ci gaba da biya, tunda shi ya koya mana daɗin mallaka. Idan zaman cikin jirgin yake marmari, ni ba mugu ba ne. Ya zo bayan na sauka, zan ba shi haya, awa-awa.

Ina mai ladabi da biyayya,

Garzali Ma'aruf