Amanar Fulawar Silvanus

Anacha, 2 ga Maris, 1971

Zuwa ga Adda Inno,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Baffa Halliru da shanu kuna lafiya. Ni ce Veronica, Maman Helen, maƙwabciyarki ta Kazaure. Ina raye. Mijina Silvanus bai tsira daga yaƙin ba. Yana kwance a bayan cocin garinsu, ko ciyawa babu a kabarin.

Ranar da muka gudu na bar miki lambun fulawarsa na bakin rijiya. Ban sa rai ba, an kusa shekara biyar. Amma in jar fulawar wardin nan da ya fi so tana da rai, ina son in dasa masa irinta.

Ƙanwarki, Veronica

Kazaure, 29 ga Maris

Maman Helen,

Bayan gaisuwa da ta'aziyya. Na yi kuka har Malam Haladu mai rubuta mini wasiƙa ya ajiye alƙalami. Allah ya ba ki haƙuri.

Cikin tushe shidan da kika bari, gara ta ci biyu kafin in gane in zuba toka. Awakin maƙwabciyarmu Tasalla, marasa kunya kamar mai su, suka cinye uku. Jar tana nan. Na kewaye ta da ƙaya, tulu guda da safe, guda da yamma, har da rani. Na riƙe ta yadda muke riƙon saniyar aro a ruga: ba a yankawa, ba a sayarwa, a mayar da uwa, a riƙe 'ya'ya. Ko ganye ban bari an tsinka ba. Ta fi ni tsawo, sai dai shekara biyu ke nan ba ta yi fure ba. Halliru zai haƙo ta a sa a motar shanu.

Ki huta lafiya. Inno

Anacha, 17 ga Afrilu

Adda,

Ina gaisuwa, ina godiyar da baki ba zai iya ba. Amma don Allah kada a haƙo ta! Ta tsufa, kafin a isa Kaduna za ta mutu. Rashin yankan ne ya hana ta fure. In hadari ya fara haɗuwa, ki sa wuƙa mai kaifi ki datse ta daidai gwiwarki. Ki zuba busasshen taki, ɗanye zai ƙone saiwar. Rassan ki yanka su tsawon ludayi, ki soka a gwangwanayen yashi a inuwa.

Ki yarda da ni. Veronica

Kazaure, 20 ga Agusta

Maman Helen,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yanka. Kwana ashirin kututture ne tsaye, Tasalla na leƙowa ta danga tana cewa, "Sannu Inno, kin yanka amana!" Na yi ta zaginki a zuci, ki yafe mini. Ruwa na uku sai ga jajayen tsiro. Jiya na ƙirga fure goma sha ɗaya, na kira Tasalla ta ƙirga da bakinta. Na gode da kika koya mini.

Cikin rassa goma, huɗu sun kama. Ga su nan hannun Daudu direba, na ja masa kunne ya riƙa ba su ruwa kafin shanu. Amma raina bai kwanta ba, abin ya zo a juye. Uwa ce taki, 'ya'ya nawa. A rugarmu ba a taɓa yin haka ba.

Inno

Anacha, 6 ga Disamba

Adda,

Ina gaisuwa. Uku sun iso da rai, na dasa su a kabarin Silvanus. Ɗaya ta buɗe ranar Lahadi, ja wur, daidai wajen kansa. Helen ta ce ƙamshin Kazaure ne.

Uwar ba aro ba ce kuma. A nan ya zauna da 'ya'yan, ke ki zauna da ita. Baɗi ma ki yanka, ko kina zagina.

Allah ya saka miki. Ƙanwarki, Veronica