Lambobin Sirri Huɗu Da Aka Ba Ni Ajiya

Zuwa ga Mai Girma Sakataren ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya fama da jama'a? Allah ya taya ka riƙo.

Ranka ya daɗe, ni ne Umaru, akawun sirri na majalisar zartarwa, wanda ma'aikata ke kira Umaru Tafireta. Sau biyu na rubuto maka ta hanyar ofis, sau biyu takardar ta maƙale a teburin mutumin da nake kuka da shi. Shi ya sa na fito da maganar fili. Takardar canjin wurin aiki da aka ba ni ta ce ƙarshen wannan wata zan bar ofishin majalisa in koma sito, in zauna gadin shebur da buhunan taki. Kafin ranar ta zo, ina roƙon ka saurare ni.

Na farko, aikin da na yi. Shekara goma sha tara duk takardar da majalisa za ta zauna a kanta, yatsuna ne suka buga ta. Ni ke sa kowace a ambulan, in ɗiga jan danƙo, in danna hatimi, in hau babur in kai wa kowane kansila har zaurensa kwana uku kafin zama. Wani ta hanyar Anka, wani ta hanyar Gummi, wani can bayan Bukkuyum. In gulbi ya kawo da damina, in ƙulle ambulan a leda, in cusa cikin hula, in shiga kwalekwale. Wanda bai iya Turanci ba, mu kori yara daga zaure, in karanta masa da Hausa. Na san wanda za a sauke tun shi bai sani ba, kuma in haɗu da shi a masallaci mu gaisa lafiya lau. Inna da ta haife ni ta sha yi mini fushi, wai bakina ya fi na kurma nauyi. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa jin kalma ɗaya ta majalisa daga gare ni ba.

Na biyu, kwamfuta. Ba ni da faɗa da ita, wallahi. Da aka ce bara za a daina yawo da takardun majalisa, kowa ya zo ɗaki guda ya buɗe na'ura da lambar sirrinsa ya karanta, ni na fara cewa madalla. Bayana ya gaji da ramukan hanya. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wanda aka tura Kaduna koyon aikin.

Sanusi! Sanusin da ya zo ofis bai san inda ake sa takardar kwafi ba. Ni na kama yatsunsa na jera masa a kan haruffa, ni na ɓoye kurakuransa wata shida don kada a sallame shi. Ya yi sati shida a Kaduna ya dawo da tabarau da jakar rataye, yanzu wai Injiniya ake ce masa. Ɗakin da aka sa wa na'urar sanyi da labule nasa ne, janareto don shi ake tayarwa, mabuɗin kuma yana rataye a ƙugunsa yana ƙara duk inda ya gifta. A ƙofar an manna takarda cewa ba a shiga sai da izini. Ni na buga wannan takarda, Ranka ya daɗe, da tafiretata, don ranar injin bugawarsu ya ƙi aiki.

Za a ce hassada nake yi. To, ba zan ɓoye ba, ƙyashi nake ji, kuma yana cin raina. In na ji Shugaban ƙaramar hukuma ya leƙo yana tambayar ina Injiniya, sai in duƙufa a kan tafiretata kamar ban ji ba. Na yi istigfari har na gaji. Yaron bai zage ni ba, kullum sai ya rusuna ya ce mini Baba, wannan ma haushi yake ƙara mini. Abin da nake tambaya kawai: da aka zo zaɓe, wa ya tambaye ni? An ce shekaruna sun ja, kuma ba ni da difloma. Haruffan da ke kan kwamfuta, jerinsu ɗaya ne da na tafireta, na leƙa ta taga na gani. A rufe mini ido, a rufe wa Sanusi, a ba mu shafi guda, a ga wanda zai riga.

Na uku, kuma shi ne ya sa ni rubutun nan. Ranar da aka raba lambobin sirri, an ja wa kansiloli kunne cewa kada su nuna wa kowa, ko matansu, ko 'ya'yansu. Sun ji, sun kuma kiyaye. Amma su a ganinsu, akawun sirri ba ya cikin kowa. Kafin sati ya zagayo, huɗu daga cikinsu sun same ni a gida ɗaya bayan ɗaya, kowanne da 'yar takardarsa a naɗe, ya ce in ajiye masa kada ya manta, don ba shi da amintacce kamata. Wani dattijo ma sai da ya kai wa baduku aka ɗinke masa tasa cikin fata kamar laya. Ba zan kira suna ba. Ba su yi don ɓarna ba, sun kai sirri inda suka saba kai shi ne.

Ka duba, Ranka ya daɗe. Ɗakin da aka hana ni shiga, mabuɗansa huɗu suna ƙarƙashin katifata wata bakwai. Ranar da aka miƙo mini takardar sito, Shaiɗan ya zauna kusa da ni ya yi mini lissafi tsaf. Mai shara ɗan ƙanwata ne, ɗakin kuma a buɗe yake barinsa lokacin azahar. Magana ɗaya ta majalisa ta fita kasuwa, wa za a kama? Mai rataye da mabuɗi. Da yanzu an tuɓe masa tabarau, ana cewa ai gara lokacin Umaru. Na ɗauko takardun nan na riƙe su a hannuna. Ban warware ko ɗaya ba. Ba don ina son Sanusi ba, Allah ya sani. Na tuna shekara goma sha tara ne, na ga ba zan iya zubar da su a kan yaron da ni na koya wa aiki ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A canja wa kansilolin nan lambobinsu, a kuma yi musu bayani da Hausar da za su gane, ba tare da an kunyata su ba. A janye takardar sito. Sannan a bar ni in koyi na'urar nan. In Kaduna ta yi mini yawa, a sa Sanusi ya koya mini. Zan zauna a gabansa da furfurata, in ce masa Malam, ko da zuciyata na tafasa.

Jiya na sa takardun huɗu a ambulan guda, na narka guntun jan danƙon da ya rage mini, na danna hatimi, na miƙa wa masinjanka. In ta iso, ka duba naɗin kowace da ɗinkin layar nan da idonka. Daga nan sai ka yanke ko mai irin wannan riƙo gadin shebur ya dace da shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare ka da zaluntar na ƙasa da kai, ni kuma ya yaye mini abin da ke cikin ƙirjina.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Umaru Tafireta,
Akawun sirri, zuwa ƙarshen wata.