Kwanon Gilashin Saratu

Zuwa ga matata Saratu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina hutawa a wurin Ubangiji. Na san babu mai kai miki wannan takarda. Ko da ranki ma ba karatu kike yi ba, ni ne mai haɗa baƙaƙen da ƙyar. Amma a gidan hayar nan na Doka babu wanda na yarda da bakinsa, shi ya sa na zo gare ki.

'Yarmu Laraba tana lafiya. Ta fara tafiya tana dafa bango. Yaya Hannatu ce ke riƙe ta in na tafi aikina na boyi a Bariki. Kazarki ta ƙyanƙyashe, shirwa ta ɗauke biyu.

Maganar kwanon nan ce, Saratu, na gilashi, wanda Baturiyar da kika yi wa raino ta ba ki ranar da za su koma ƙasarsu. Wa ya ga lokacin da ta miƙa miki? Daga ke sai ita a kicin. Ita ta haye teku, ke kin kwanta a ƙasa, an bar ni da kwano ba shaida.

An fasa gidan wani Bature a Bariki, an kwashe musu kayan gilashi. 'Yan sanda suna bin ɗakunan boyi da kuku ɗaya bayan ɗaya. Audu mai wanki, cokali guda aka samu a ɗakinsa, har yau yana tsare. Matarsa ta kai masa tuwo, ta dawo tana cewa ko zama ba ya iya yi. Kin san ranar zaman makokinki mata sun ga kwanon a kan akwati. Jiya matar mai gidan hayarmu, wadda ƙanenta ɗan sanda ne, ta tambaye ni ko har yanzu yana nan. Tana tambaya tana murmushi. Tun daga nan ko takalmi na ji a ƙofar gida sai in miƙe in leƙa.

Na je wurin kukun gidan da aka yi wa satar, na roƙe shi ya nuna mini irin gilashinsu. Tambulan ɗaya ya rage musu, don yana wurin wanki ranar. Ya ba ni na riƙe. Kin san aikina ke nan, wanke gilashi da gogewa, hannuna ya san su. Gilashi iri biyu ne, na zubi da na yanka. Na zubi ba ya da nauyi, gefen zanensa sumul, kuma akwai layi a jikinsa kamar ɗinki. Na yanka kuwa yana cizon yatsa, in ka ɗan buga shi da farce sai ya yi ta kuka kamar ƙararrawar coci daga nesa. Nasu na yanka ne. Naki ma haka.

Sai na natsu na duba da kyau. Zanen nasu saƙar tabarma ce, layi ya hau layi. Naki bayan abarba ne, sannan a bakinsa akwai wani buɗe kamar mafici. Tauraron da ke gindin nasu gajere ne, naki ya miƙe har gefe. Akwai kuma tambarin maƙeri, wanda ba a gani sai an yi wa gindin huci da baki, ya fito kaɗan ya ɓace. Nasu kamar hular sarauta yake. Na dawo gida na yi wa naki huci, sai ga rubutu mai haɗe-haɗe da ban iya karantawa ba, amma babu hula. Ba hannu ɗaya ya yi su ba.

To wa zan faɗa wa? Ɗan sanda zai tsaya yin huci a gindin kwano? A wurinsa gilashi gilashi ne, boyi kuma ɓarawo.

Na yi tunanin in kai shi gada in saki a kogi. Amma an riga an gan shi. In ya ɓace yanzu, me za a ce? Ke kika kawo shi gidan nan. Laraba za ta tashi ana nuna ta da baki, 'yar ɓarauniya, ke kuma ba kya nan balle ki rama.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Kullum kina yabona wurin mutane, wai mijinki mai haƙuri ne. Rabin haƙurin nan tsoro ne, Saratu. Ke ce bakin gidanmu. Da ke ce, da tuni kin ɗaura ɗamara kin je kin tsaya a gabansu.

Gobe da safe zan ɗauke shi da hannuna in kai wa uwargidan da aka yi wa satar. Zan ajiye shi kusa da tambulan ɗinta, in roƙe ta ta duba gindinsu. In ta duba, shi ke nan. In kuma ta ƙwala ihu kafin ta duba fa?

Ɗazu na haɗa kayan Laraba duka, har da 'yar rigar Kirsimetin da ba ta kai sa ta ba tukuna, na kai wa Yaya Hannatu. Ta tambaye ni don me kaya haka na wuni ɗaya. Na ce mata ɗakinmu yana yoyo.

Ki huta lafiya. In ana roƙo a inda kike, ki sa ni.

Ni ne mijinki,
Dauda