Kwano Bakwai a Gidan Mama Yemima

Ungwan Biliyok, gindin dutsen Kagoro,
5 ga Agusta.

Zuwa ga Mamata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya jiki, yaya ƙafar nan taki da sanyin damina? Yaya Zonkwa da matan zumunta? Ina fata kina shafa maganin, ba ajiye shi kika yi a taga kina kallo kamar hoto ba. Ni lafiyata ƙalau.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa. A nan sai an hau tudun bayan coci ake samun sabis ɗin waya, shi ma sai ya ga dama, don haka na roƙi direban bas ɗin kasuwa ya riƙa miƙa miki takarda.

Mu ashirin da huɗu malaminmu Dakta Jamiluddeen ya kawo, duk 'yan aji uku na sashen nazarin zamantakewa. Sati uku za mu yi, a ajin firamare muke kwana. Ya ce karatun littafi ya isa haka, mu zo mu koyi bincike da ƙafafunmu. Muna bi gida gida, mu sa lamba da alli a ƙofa, mu cika fom, gida goma kowace rana. Doka ta farko ita ce, mutanen gida su ne masu ci daga tukunya ɗaya. Kin ji fa, Mama. Shekara uku a jami'a, ashe tukunya za a turo ni in ƙirga.

Shekaranjiya na shiga gida mai lamba arba'in da ɗaya, can ƙarshen gari, hadari na bina a baya. Na tarar da wata tsohuwa, Mama Yemima, ita kaɗai a madafa. Hausarta irin ta Kaka ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Da na tambaye ta su wa ke ci daga tukunyarta, sai ta gyara zama, ta goge hannu da zane, ta fara jero su: mijinta Azariya, ɗanta Francis da matarsa Clara, sai jikoki uku, Zipora da Lucy da auta Yakubu. Da ita bakwai. Sauran mutane sai na yi ta lallashi kafin su ba ni suna ɗaya, ita kuwa sau biyu ta sa na karanta mata, har ta gyara mini shekarun Lucy. Na tambayi inda suke, ta nuna bayan gida da baki, na ce a raina suna gona.

Kwanoni bakwai na gani a jere, shida a rufe. Ta buɗe ɗaya mai shuɗin baki ta miƙo mini paten acca, ta ce na Zipora ne, sa'ata ce, ba za ta yi fushi ba. Na cinye tas, ta dangwala yatsa a fom, na fita da gudu kafin ruwa ya sauko.

Maganar da muka yi ran Ista, a bar ta tukuna. Ki gaida Fasto da mutanen layinmu.

Taki,
Hephzibah.

12 ga Agusta.

Mama,

Ina gaisuwa. Ina fata kina lafiya, ƙafa kuma da sauƙi. Na ga gyaɗar da kika aiko, na gode, amma ban iya ci ba. Na shiga uku.

Akwai abin da ban gaya miki ba game da aikin nan. Cikin kowane gida goma, Dakta yakan zaɓi ɗaya ya tura wani ɗalibi ya sake tambaya, don a kama masu zama a gindin mangwaro suna ƙirƙiro mutane. Cikin nawa, gida na arba'in da ɗaya ya faɗo, aka tura Bartholomew, ɗan ajinmu. Shi bai yi sauri irin nawa ba. Ya zagaya gidan, ya tambayi maƙwabta, ya dawo da fom mai mutum ɗaya.

A gaban kowa Dakta ya ɗaga takardun biyu ya tambaye ni inda na samo mutum shida. Kin san bakina. Na ce ni ba maƙaryaciya ba ce, in ya so a je a gani. Muka tafi mu uku. Mama Yemima ta tafi itace, maƙwabciyarta ce ta kai mu bayan gida, daidai inda aka nuna mini da baki.

Ba gona ba ce, Mama. Kaburbura ne shida a jere, na ƙarshen ƙarami. An share su fes, ko tsinken ciyawa babu, a tsakiyar damina.

Matar ta ce shekara bakwai ke nan, wata safiyar Lahadi aka kawo hari garin. Mama Yemima tana asibiti a Kafanchan ana duba idonta, shi ya sa ta tsira. Tun daga lokacin ba ta taɓa dafa abincin mutum ɗaya ba. Kullum sai ta zuba bakwai ta rufe, da yamma maƙwabta su zo su ɗauka, su wanke kwanonin su mayar, ba mai ce mata komai.

Sai a lokacin na ga abin da ya kamata in gani tun ranar farko. Ɗakuna biyu babu rufi, bangonsu baƙi. Takalmi ƙafa biyu kacal a ƙofa. Ba rigar yaro ko ɗaya a igiya. Sau nawa Dakta ya gaya mana cewa ido ma kayan aiki ne? Ni kuwa ina ta gudun cika gida goma. Sauri ya haifi nawa.

Dakta ya cire hula ya daɗe a tsaye. A hanya ya ba ni haƙuri kan zargin da ya yi mini, amma ya ce ƙa'ida ba ta canzawa. Dole in koma da sabon fom, in rubuta mutum ɗaya, in karanta wa tsohuwar da bakina, ta sake dangwala yatsa. In ban kawo ba zuwa Juma'a, za a soke fom ɗina duka, in maimaita shekara. Ba mugunta yake yi ba. Ya ce in aka bar fom ɗaya da ba daidai ba, ba wanda zai ƙara yarda da sauran.

Mama, yaya zan zauna a gaban matar da na ci abincin jikarta in ce mata ita kaɗai ce? Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Hephzibah.

19 ga Agusta.

Mamata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya gonar citta? Direba ya ce ya gan ki a kasuwa kina ɗingishi, wato maganin yana nan a taga.

Ba zan maimaita shekara ba, Dakta ya karɓi fom. Kada ki yi murna tukuna, ki ji yadda aka yi.

Sau uku na je. Ran Laraba ruwa ya wanke lambar ƙofar, na tsaya ina sake rubutawa, ta fito ta ja ni ciki, ta miƙo kwanon Zipora. Na ci na tafi, fom bai fito daga jaka ba. Ran Alhamis haka. Ran Juma'a na rubuta sunanta shi kaɗai tun daga makaranta, na ce mata takardar farko ce ta jiƙe. Na san ba ta iya karatu ba. Na riƙe takardar a gaban fuskata na karanta mata sunaye bakwai da ka, har da shekarun Lucy. Ta tambaye ni ko duk suna ciki. Na ce duk suna ciki. Ta kalli takardar, ta kalle ni, ta miƙo yatsa.

Ni da na buga ƙirji a gaban aji na ce ni ba maƙaryaciya ba ce.

Tun ranar ban sami sukuni ba. In ina tafiya, ƙafata ce ke jero sunayen nan, Azariya, Francis, Clara, har in kai auta in sake farawa. Jiya a coci ana waƙa, na ga tazara a bencin mata kusa da Mama Yemima, wurin mutum uku, ba wanda ya matsa ya cike. Yanzu duk gidan da na shiga, kwanoni nake fara ƙirgawa kafin mutane. A gida na sittin da biyu kwano ɗaya ya yi yawa. A na saba'in, biyu. Su dai sun ba ni adadin masu rai kamar yadda fom ke so, ni ma ban tambaya ba. Garin nan cike yake da mutanen da ba sa cikin takardunmu, kuma da rana tsaka nake jin su, in an buɗe tukunya.

Kin san inda maganar nan ta dosa. Shekara huɗu ke nan tun da Yaya Yafet ya hau mashin zuwa Kafanchan ranar rikici bai dawo ba, ko gawarsa ba mu gani ba. Kullum kina zuba masa tuwo ki rufe. Ran Ista na ce miki mutane na yi mana dariya, na ce abin naki ya zama ciwo, har na kira miki sunan ciwon da Turanci don ki san na yi karatu. Na hau kujera na ɗora kwanonsa a saman kabad inda hannunki ba zai kai ba. Ke dai kika ci gaba da tuƙa tuwo. A lokacin na ɗauka na yi nasara.

Ina jin kunya, Mama. A waya ba zan iya faɗa ba, shi ya sa na gode wa Allah da babu sabis.

Taki,
Hephzibah.

22 ga Agusta.

Zuwa ga Mamata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, da fatan kin tashi lafiya. Wannan ce ta ƙarshe daga nan, zan ba wani mai mashin ya kawo miki yau.

Jiya aka tara duk fom ɗin da aka soke za a ƙone, don ƙa'ida ce kada sunan mutane ya yi yawo. Da na ga fom ɗin Mama Yemima na farko a cikin kwali, wuta kuma na ci, sai na miƙe. Na je na gaya wa Dakta duk abin da na yi ran Juma'a, ina jiran ya ce in tattara kayana. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce adadin da ke fom ɗin daidai ne, don haka fom ya tsaya, amma amincewar da aka samu da ƙarya ba amincewa ba ce, in ban koma na faɗa mata gaskiya ba, ban koyi komai a kwas ɗinsa ba. In ta janye yatsanta, to ta janye, ni zan ɗauki sakamakon. Ya ciro takardar farko ya ba ni, ya ce sunayen nata ne, ba na jami'a ba.

Na same ta tana tsince acca. Na durƙusa na faɗa mata komai, ina kuka kamar 'yar yaye, na ce in ta so a soke fom ɗin. Mama, dariya ta yi. Ta ce ita ba ta iya karatu ba, amma tun tana yarinya take shuka a kunya, ta san gona cikakkiya ta san wadda layi ɗaya ya tsiro. Takardar farko baƙa ce har ƙasa, ta biyu kuwa fara fat. Tun kafin in buɗe baki ta gani. Maƙwabciya ta riga ta gaya mata cewa za a kayar da ni a makaranta, ita kuma ta ce wanda ya ci a kwanon Zipora ba zai faɗi saboda ita ba. Ta ce kuma ta ji daɗin karatun, don shekara bakwai ba wanda ya kira sunayen nan da ƙarfi a gidan, kowa tsoron sa ta kuka yake yi.

Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ta san sun tafi. Ta dube ni kamar na tambayi ko ta san dutsen Kagoro na nan. Ta ce ita ke share kaburburan, wa zai gaya mata? Waɗanda suka zo da bindiga sun yi nasu. Amma hannunta ya saba da awon mutum bakwai, kuma ranar da ta auna na mutum ɗaya, ita ce da hannunta ta fitar da su daga gidan. Wannan kuwa ba za ta yi ba.

Ta karɓi takardar, ta bi layukan da yatsa har bakwai, ta ninke ta saka a cikin Littafi Mai Tsarki na mijinta. Sannan ta ce in tashi in wanke hannu, pate na hucewa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Mama. Ni na zo da littafi ina koya miki yadda ake makoki. Ki gafarta mini.

Ina isowa ran Asabar da bas ɗin rana. Ki auna garin mutum uku. Kwanon kuma ki bar shi inda yake, kada ki hau kujera da ƙafar nan. Ni na ɗora shi, ni zan sauke.

Ki huta lafiya, Allah ya tsare mini ke.

'Yarki, ƙanwar Yafet,
Hephzibah.